GUIDE ko App Designer? Ina son yi wa lissafin neman ruwa fuskar da masu aikin fili za su iya sarrafawa

Dan_Rimi92:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu ne a fannin binciken ƙarƙashin ƙasa, aikina a kan neman ruwa kafin a haƙa rijiyar burtsatse. Waɗanda suka taɓa fita fili sun san tsarin Schlumberger: a kafa ƙarafa huɗu a layi ɗaya, biyu na waje su tura wuta cikin ƙasa, biyu na ciki su auna, a riƙa buɗa na wajen har a kai mita 100 ta kowane gefe. Na rubuta kod a manhajar lissafi ta MATLAB da ke karɓar wannan awo, ya fitar da tirjiyar ƙasa (wato yadda take hana wuta wucewa), ya zana layinta, ya kuma gwada kimanta kaurin kowane hawa na ƙasa kafin a tarar da dutse. Kod ɗin yana aiki lafiya, amma ni kaɗai na san kansa. Malamin da ke duba aikina ya ce in yi masa fuska mai maɓallai da akwatunan shigar da lamba, yadda yaran da ke fita fili za su yi amfani da shi ba sai sun taɓa kod ba. Bidiyoyin da na gani a YouTube yawancinsu GUIDE suke koyarwa, wasu kuma App Designer, wato hanyoyi biyu na gina irin wannan fuska a MATLAB. Wanne zan kama? Wata huɗu ya rage mini.

Injiniya_Gashuwa:
Wa alaikumus salam. App Designer, kada ka ma yi wani dogon tunani. MathWorks, kamfanin da ke yin MATLAB, sun daɗe suna gargaɗin za su cire GUIDE, kuma sun cire shi a fitowar R2025a. Tsofaffin manhajojin da aka gina da shi suna tashi har yanzu, amma wurin da ake jan maɓalli a ajiye ya tafi. Bidiyoyin da kake gani tsofaffi ne.

Malam_Lissafi:
Kafin a ba shi amsa ya kamata a tambaye shi: wace fitowar MATLAB ce a kwamfutarka, wace ce kuma a ɗakin kwamfuta na sashenku? App Designer a R2016a ya fara zuwa. Na sha ganin ɗakunan gwaji da har yau R2013 ko R2015 suke kai. Idan haka ne, shawarar Injiniya ba za ta yi maka amfani ba, domin babu shi a ciki sam.

Dan_Rimi92:
Malam, tawa R2021b ce. Ta sashen ban duba ba, gobe in sha Allah zan leƙa.

Tsohon_Fortran:
Ni dai ku bar ni in faɗi abin da ba a son ji. Wata huɗu ya rage maka, kuma kana son ka ƙarar da biyu wajen daidaita girman maɓalli. Ranar kare aiki babu mai tambayarka launin taga. Za a tambaye ka me ya sa ka ce akwai ruwa a mita 35, kuma wane tabbaci gare ka cewa ba laka ba ce, tunda ita ma laka tirjiyarta ƙasa take. Ban da haka, akwai manhajar IPI2Win da mutanen Jami'ar Mosko suka yi, shekara da shekaru ana fassara irin wannan awo da shi. Me fuskarka za ta ƙara a kai? Shi kansa MATLAB ɗin, Cleve Moler ya ƙirƙiro shi ne a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico don ɗalibansa su huta da rubuta kod da harshen Fortran. Wato an riga an sauƙaƙa. Wanda ba zai iya buga layi ɗaya ya danna Enter ba, bai kamata a ba shi hukuncin inda za a zuba kuɗin mutane a haƙa rijiya ba.

Hajiya_Fizik:
Baba Tsohon_Fortran, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Yaron bai ce zai ba masu aikin fili hukunci ba. Abin da suke buƙata shi ne su ga layin yana fitowa tun suna wurin. Na yi shekaru ina fita da ɗalibai. Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne a koma gida da takarda cike da lambobi, a zana da dare, sai a ga awo na tara ya yi tsalle sama shi kaɗai saboda ƙarfen bai shiga ƙasa da kyau ba, busasshiyar ƙasa ce ba a jiƙa ta ba. A lokacin an riga an naɗe waya, an sallami mota, ƙauyen kuma tafiyar awa uku ce. Da akwai taga a gabansu da ke ɗiga kowane awo a kan zane da zarar an shigar, nan take za su ce a zuba wa ƙarfen ruwan gishiri a sake. Wannan kaɗai ya isa dalili. Fassarar kuwa a bar wa masana.

Tsohon_Fortran:
To, in dai iya nan fuskar za ta tsaya, na janye rabin maganata. Rabin da ya rage yana nan: kada ya cinye lokacin bincikensa.

Bamaradiya:
Sannunku da hira. Daga Maraɗi nake, kuma ina da abu ɗaya da zan ja hankalin Dan_Rimi a kai tun kafin ya fara. Mu da muka yi karatu da Faransanci, waƙafi muke sa wa a lamba inda ku kuke sa ɗigo. Sha biyu da rabi a wurinmu 12,5 ne. Idan ka yi akwatin rubutu ka karanta shi da str2double, wanda ya buga 12,5 zai samu 125, domin MATLAB yana ɗaukar waƙafin a matsayin mai raba dubbai, ya jefar da shi shiru. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Ya taɓa faruwa da ni a wani aikin auna ruwan sama, na kwana biyu ina zargin na'ura alhali akwatina ne. Ka yi amfani da akwatin lamba na App Designer, ka sa masa iyaka sama da ƙasa. Idan kuma daga fayil kake karantowa, ka duba wace alama aka yi amfani da ita.

Injiniya_Gashuwa:
Allah ya saka, Bamaradiya. Wannan ban san shi ba wallahi.

Malam_Lissafi:
Bari in yi ɗan tsawo, domin akwai abin da in ka gane shi, zaɓi tsakanin GUIDE da App Designer zai zama ƙaramar magana.

Kod ɗin da ka saba rubutawa kamar karatun allo yake: daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, ya ƙare. Manhaja mai fuska ba haka take ba. Ta fi kama da mai shago da ke zaune yana jira. Ba ya sanin wa zai fara shigowa ko me zai tambaya. Wani zai danna "Lissafa" bai ɗora fayil ba. Wani zai danna sau uku a jere don ya ga ba ta motsa ba. Wani zai share akwati ya bar shi fayau. Kowane maɓalli yana da ɗan aikin da yake kira idan an taɓa shi, kuma waɗannan ƙananan ayyuka ba sa ganin kayan juna sai ka tanadi inda za su riƙa ajiya. A GUIDE wurin ajiyar shi ne handles, kuma in ka canza abu ka manta ba ka rubuta guidata(hObject, handles) ba, canjin ya ɓace, maɓalli na gaba tsohon abu zai tarar. Ɗalibai nawa na gani suna kuka da wannan layi ɗaya. A App Designer an gyara: kana bayyana abin a properties, ka kira shi da app.awo ko duk sunan da ka ba shi, kowane maɓalli ya same shi.

Shawarata ta gaske ita ce: kada ka zuba lissafinka a cikin maɓalli. Ka bar shi a fayilolinsa daban. Aiki ɗaya ya karɓi AB/2 (rabin tazarar ƙarafan waje) da MN/2 (rabin tazarar na ciki) ya ba ka K, lambar da ta dogara da jeren ƙarafan, wani ya ninka K da abin da na'ura ta nuna ya ba ka tirjiya, wani ya yi kimanta hawa-hawa. Maɓallin aikinsa uku ne kawai: ya ɗauko lamba daga akwati, ya miƙa wa aikin, ya nuna amsa. In ka yi haka, ko gobe aka sake cire App Designer ɗin, fuska kawai za ka sake, lissafin yana nan. Kuma za ka iya gwada lissafin ba tare da ka buɗe taga ba, wanda shi ne abin da Tsohon_Fortran yake tsoron a rasa.

Dan_Rimi92:
Na gode ƙwarai Malam. Gaskiya abin da na fara yi jiya shi ne na kwafe kod ɗin gaba ɗaya na liƙa a ƙarƙashin maɓalli ɗaya. Yau zan warware shi. Wata matsala kuma: da na danna, zanen bai fito a cikin tagar ba, wata sabuwar taga ta buɗe daban.

Yar_Zazzau:
Kowa da wannan yake farawa. Sai ka gaya masa inda zai zana. Maimakon loglog(x,y) ka rubuta loglog(app.UIAxes, x, y). Haka hold da grid da xlabel, kowanne ka fara ba shi app.UIAxes. Kuma ka shirya: idan ka yi amfani da uigetfile don ɗauko fayil, wani lokaci tagar manhajar takan koma bayan sauran tagogi. Ka sa figure(app.UIFigure) bayansa, za ta dawo gaba.

Python_Kawai:
Ina ta karantawa ina jira wani ya taɓo babbar maganar, ba wanda ya taɓa. Su yaran filin, a kwamfutar wa za su buɗe wannan abu? Suna da lasisin MATLAB? Kai ma ranar da ka gama makaranta lasisinka ya ƙare. Ka koma harshen Python tun yanzu. NumPy da SciPy za su yi maka lissafin, Matplotlib ya yi zanen, Tkinter kuma, mai yin fuskar, tare da Python ɗin yake zuwa, ko sisi ba za ka biya ba. In kana son abin da ya fi kyan gani ka ɗauki Qt.

Injiniya_Gashuwa:
Ba sai suna da lasisi ba. Da MATLAB Compiler zai mayar da ita manhaja mai zaman kanta, su kuma su sa MATLAB Runtime, wanda ke tayar da ita, kuma kyauta ne.

Python_Kawai:
Compiler ɗin shi ma lasisinsa daban ne, Injiniya, sai ya duba ko yana cikin abin da makarantarsu ta saya. Runtime kuma maganar gigabayit ake, ba megabayit ba, kuma dole ya dace da fitowar da aka gina manhajar da ita. Wanda ya gina da R2021b, Runtime na R2021b za a sa. Ka yi tunanin mai aikin fili a ƙauye yana sauke wannan da datar wayarsa.

Injiniya_Gashuwa:
Filasha ɗaya ta kashe wannan magana. Sau ɗaya ake sawa. Kuma ba a ce PyInstaller, mai mayar da kod ɗin Python manhaja mai zaman kanta, ba shi da tasa rigimar ba. Na sha ganin manhajar kare kwamfuta ta kama fayil ɗin da ya fitar ta ce ƙwayar cuta ce.

Hajiya_Fizik:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ku tuna wata huɗu. Wanda bai taɓa Python ba, ka ce ya sake rubuta lissafin da ya riga ya tabbatar, ya kuma koyi Qt a kai, ka ɗora masa kaya biyu a ka ɗaya. Ni da zan ba shi shawara, ya gama da abin da ke hannunsa, bayan ya kare aikinsa ya zauna ya mayar da shi Python a natse. In ya bi maganar Malam_Lissafi ya raba lissafi da fuska, mayarwar ba za ta yi wuya ba.

Dan_Agadas:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Octave fa, manhajar kyauta mai kama da MATLAB? Ni shi nake amfani da shi, kuma yawancin kod ɗin MATLAB yana tafiya a kai.

Malam_Lissafi:
Lissafin zai tafi, amma Octave ba ya buɗe fayil ɗin .mlapp, ba shi da App Designer. Abin da yake da shi shi ne figure da uicontrol, wato tsohuwar hanyar da kake rubuta kowane maɓalli da hannu, ka ba shi wuri da girma. Ga fuska ƙarama mai akwati biyar da maɓalli uku, wannan ba laifi ba ne ko kaɗan, kuma in ka kiyaye, fayil ɗaya zai iya tashi a duka biyun. Scilab ma yana da uicontrol nasa, sai dai harshensa ya ɗan sha bamban.

Mai_Kididdiga:
Mu 'yan harshen R, Shiny muke amfani da shi wajen yin fuska tun da ya fito a 2012, kuma abin da nake so da shi shi ne a burawuza yake buɗewa. 'Yan Python suna da Streamlit mai kama da haka. Ba dole sai da intanet ba, a kan kwamfutar kanta yake tashi. Ban ce Dan_Rimi ya koma can ba, na faɗa ne don masu karantawa da ba su riga sun zaɓi hanya ba.

Bakanon_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina so in ba da labarin abin da ya same ni, ko zai amfani wani. Na yi wa wani ɗakin gwaji fuskar da ke karanta zafi daga na'ura ta zana shi kai tsaye. Na sa madauki a cikin maɓallin "Fara", na kuma yi maɓallin "Tsaya". Ranar da aka zo gani, aka danna Fara, abin ya kama, aka danna Tsaya, ko gezau. Tagar ta daskare, ta yi fari. Sai da aka kashe MATLAB ɗin gaba ɗaya, awon minti arba'in ya tafi a gaban mutane. Dalili kuwa: hannu ɗaya ne ke yin lissafi, shi ne kuma ke sauraren maɓallai. Muddin yana cikin madauki, ba ya jin kowa. Da na sa drawnow a cikin madaukin, sai ya riƙa ɗaga kai yana duba ko an danna wani abu. Daga baya na cire madaukin na koma timer, wanda ya fi tsafta. Dan_Rimi, ɓangarenka na kimanta hawa-hawa in yana ɗaukar fiye da daƙiƙa biyu ko uku, ka yi tunanin wannan tun yanzu.

Yar_Zazzau:
Ƙari a kan na Bakanon_Kumasi: drawnow limitrate ya fi sauri in zanen yana sabuntuwa da yawa, don ba ya wuce sau 20 a daƙiƙa. Sannan ka kashe maɓallin da zarar an danna shi, ka mayar da shi bayan an gama, ka kuma nuna uiprogressdlg don mutum ya san ana aiki. Tunda R2021b gare ka, kana da backgroundPool ma, a fitowar ya zo, za ka iya tura lissafin baya da parfeval taga ta ci gaba da amsawa. Amma kada ka fara da shi, sai komai ya zauna.

Python_Kawai:
Don adalci, wannan daskarewa ba ta MATLAB kaɗai ba ce. Tkinter ma haka yake yi, Qt ma haka. A Tkinter after() ake kira, a Qt kuma QThread.

Tsohon_Fortran:
Kun ga abin da nake faɗa? Daga neman ruwa an koma maganar daskarewar taga. Amma tunda an yi nisa, ga tawa gudummawar, kuma a kan ruwan ne. Duk lokacin da aka buɗa ƙarafan ciki, ana maimaita awo a AB/2 ɗaya da MN biyu daban, kuma layin yakan ɗan yi tsalle a wurin. Kada fuskarka ta haɗe su shiru ta ɓoye tsallen. Ta nuna kowane sashe da alamarsa, mai fassara ya gani da idonsa. Fuska mai kyau takan sa mutum ya yarda da abin da bai kamata ya yarda da shi ba. Layi mai santsi a kan farar taga yana da kwarjini. Ka kuma sa ta nuna girman kuskure tsakanin awo da kimantawa a wuri mai fili, da manyan lambobi.

Hajiya_Fizik:
Wannan magana ta Baba ita ce mafi tsada a zauren nan yau. Zan ƙara da ɗaya: ta riƙa ajiye kowane awo a fayil da zarar an shigar, kada ta jira a danna "Ajiye". Batirin kwamfuta a rana tsaka ba abin dogaro ba ne. Kuma ka yi rubutun manya, baƙi a kan fari. A cikin ofis komai yana karantuwa, a ƙarƙashin rana toka-toka a kan fari ba ya ganuwa.

Dan_Agadas:
Rubutun maɓallan da wane harshe za a yi? In masu filin Hausawa ne, me zai hana a sa Hausa?

Bamaradiya:
Babu abin da zai hana, na taɓa yi. Matsalar da na samu a tsohuwar fitowa ita ce ƙ da ɗ da ɓ suna komawa alamar tambaya in an buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta. Daga R2020a MATLAB ya koma ajiye sababbin fayiloli da UTF-8, abin ya yi sauƙi. Wanda ke kan tsohuwa zai iya kiran harafin da lambarsa: char(409) shi ne ƙ, char(599) ɗ, char(595) ɓ. Ni abin da na yi, na tara duk rubutun a fayil ɗaya mai Hausa da Faransanci, mutum ya zaɓa daga farko.

Injiniya_Gashuwa:
Sai dai a bar AB/2 da MN/2 yadda suke, haka kowa ya san su a takardar fili.

Dan_Rimi92:
Na dawo. Na duba, ta sashenmu R2015a ce, ba ta da App Designer. Amma malamina ya ce kwamfutar fili ce ta dame shi, ita kuma babu MATLAB a kanta kwata-kwata, don haka ko dai Runtime ko dai wata hanya. Compiler ban gan shi a jerin da umarnin ver ya nuna mini ba. Abin da na yi zuwa yanzu: na raba kod ɗin gida huɗu kamar yadda Malam ya ce, na gwada kowanne da awon da na riga na san amsarsa. Na yi taga mai tebur a hagu, zane a dama, kuma ɗigo yana fitowa da zarar an cika layi. Maɓalli biyu ne kawai. Kimanta hawa-hawa ban sa shi a fuskar ba, na bar shi a wurina.

Python_Kawai:
To ka gani. Abin da ya rage a fuskar yanzu ninkawa ce da zane. Wannan a Python bai kai layi ɗari biyu ba. In kana so ka turo mini lissafin K da samfurin takardar fili, mu zauna ranar Asabar.

Malam_Lissafi:
Ko kuma ya rubuta ta da figure da uicontrol, ta tashi a R2015a ta sashen, ta kuma tashi a Octave a kwamfutar fili, ba tare da ya bar harshen da ya sani ba. Sai dai ya gwada teburin a Octave tukuna kafin ya dogara da shi.

Hajiya_Fizik:
Kowacce ka ɗauka, kafin ka kai wa malaminka, ka ba ɗaya daga cikin yaran filin ya zauna da ita. Kada ka ce masa komai, ka tsaya a bayansa ka ga inda hannunsa zai tsaya.

Dan_Agadas:
Ina da Octave a nan. Dan_Rimi, in ka rubuta ta uicontrol ɗin ka turo, zan gwada maka in faɗa maka abin da ya ƙi tashi. Wace Windows ce a kwamfutar filin?